Kujerar Makka da ragon Layya: annoba ta tafi, tsada ta zauna

Ranar 22 ga watan Yuni na shekara ta 2020 ne hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar da maniyyata suka daɗe suna fargabar ji: saboda cutar korona, aikin hajjin wannan shekara sai ga wanda yake zaune cikin ƙasar tun can. A shekarar 2019, mutum kusan miliyon 2 da rabi ne suka yi tsayuwar Arfa. A 2020 kuwa, waɗanda aka bari ba su wuce 10.000 ba, kowa da ƙyalle a hanci, ana ɗawafi bisa layukan da aka shata a ƙasa. Kason da Saudiyya ke bai wa Nijar kujera 15.891 ne. Ko ɗaya ba a zauna ba.

Mutanen da wannan sanarwa ta faɗa wa ba baƙi ba ne gare mu. Akwai ɗan kasuwar da ya yi shekaru yana ware wani abu daga ribar rumfarsa a kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi. Akwai malamin lakwal da ya ajiye alli, yana jiran ya sauke farali da abin da ya tara. Akwai tsohuwar da ƴaƴanta suka haɗa mata kuɗi, da wadda ta sayar da shanunta. A lokacin, kowa ya ɗauka jinkiri ne na shekara guda, kuma kuɗin da aka tara suna nan, ba inda za su. Kuɗin dai sun zauna, amma kujerar ce ta yi gaba ta bar su.

Kafin a kai ga wannan sanarwa, hanyoyi sun riga sun toshe ɗaya bayan ɗaya. Tun ƙarshen Fabrairu Saudiyya ta dakatar da umara ga ƴan ƙasashen waje, abin da ya hana alhazanmu ƴan kasuwa al'adarsu ta zuwa goman ƙarshe na azumi a Makka. Ranar 17 ga Maris, shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya ba da umurnin rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu. Ranar 19 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijar. Kafin watan ya ƙare, an kafa dokar hana fitar dare a Yamai, an kuma killace birnin gaba ɗaya, ba shiga ba fita. Manyan motocin fasinja da ke bin hanyar Doso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram suka tsaya cik a tashoshinsu. Ma'aikacin da iyalinsa ke Tawa, shi kuma yana aiki a Yamai, sai waya. Ba a ɗage wannan killacewa ba sai tsakiyar watan Mayu, sa'ilin da aka sake buɗe masallatai, bayan tarzomar da rufe su ta haddasa a Mirya da wasu unguwannin Yamai.

Ga mutanen kudancin ƙasa, wannan karaya ce bisa targaɗe. Tun watan Agusta na 2019, wata bakwai kafin annoba, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa da nufin hana shigar da shinkafa da fasa-ƙwaurin man fetur. Ba ta buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba na 2020. Ƙofar Jibiya, wadda ita ce numfashin Maraɗi, sai Afrilu na 2022. Saboda haka, azumi da salloli biyu na 2020 sun iske ɗan kasuwar Maraɗi da ƙofa biyu a rufe, ɗaya ta likita, ɗaya ta duwan.

A takarda, dokar rufe iyaka ba ta shafi kaya ba. Mutane kawai aka hana. Amma kaya ba su tafiya su kaɗai. Shinkafa, sukari, man girki da madarar da ake ci da azumi, yawancinsu a lokacin daga tashoshin ruwan Kwatano da Lome suke hawowa, kuma duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, mai saye ne zai biya shi a kanti. Gomnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu, aka kuma ci gaba da sayar da hatsi cikin rahusa ta hanyar OPVN. Abin ya rage zafi, amma bai taɓa kayan Salla ba: shadda, atamfa, leshi, takalman yara. Waɗannan kuwa na hannun ƴan kasuwar da suka saba zuwa Dubai da Sin su zaɓo kaya da idonsu. Ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga baƙi a ƙarshen Maris na 2020, ba ta kuma buɗe ta sosai ba sai farkon 2023. Shekara kusan uku alhaji na yin odar kaya ta waya, bisa hoto, yana biyan wani ɗan tsakiya da bai taɓa gani ba. Ga shi kuma kuɗin ɗauko kwantena daga Asiya, wanda a manyan hanyoyin teku bai kai dalar Amurka 2.000 ba kafin annoba, ya haura 10.000 a watan Satumba na 2021.

Sha'anin rago ya fi ɗaure kai. Babbar Salla ta 2020 ta faɗo ranar 31 ga Yuli, tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, dusa da harawa suka yi tsada. Najeriya ce babbar kasuwar bisashen Nijar. Da rufe iyaka da faɗuwar naira, ya kamata a ce raguna sun yi kwantai a gida, farashi ya karye. Makiyayin Dakwaro ko Abalak zai ce maka lalle ya karye, domin shi ya san abin da aka ba shi. Ma'aikacin Yamai kuwa, wanda ya ci bashin albashi don kada ƴaƴansa su kalli wutar maƙwabta ana gasa raguna tasu ƙofa babu hayaƙi, zai rantse maka bai ga rahusa ba. Dukansu gaskiya suke faɗi. Tsakanin turken makiyayi da ƙofar gidan mai layya akwai mai mota, da mai dusa, da dillali, da shingayen hanya, kuma babu wanda annoba ta sa ya rage nasa.

Sai ƴan ci-rani, waɗanda ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen tafiyar da aka fasa. Dubban samari daga jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram suna Abijan, Ikko, Kwatano da Akara, suna komowa gida da faɗuwar damina, su yi noma, su yi Salla, wasu su yi aure. Nijar ta sake buɗe filayen jirginta ranar 1 ga Agusta na 2020, amma iyakokin ƙasa sai tsakiyar Yuni na 2021. Kodibuwa kuwa ba ta buɗe nata ba sai Fabrairu na 2023. Wato mai kuɗin jirgi ya samu hanya wata goma kafin mai kuɗin mota. Hatta mai jirgin sai ya yi gwajin cuta kafin ya tashi. A 2021 ƙasashen UEMOA suka tsaida kuɗin gwajin a jika 25 ga matafiyin sama, alhali mafi ƙanƙancin albashi a Nijar a lokacin jika 30 ne da ƴan kai. Shi kuwa ɗan ci-rani, ko dai ya zauna inda yake, ko ya bi ta daji bisa babur, ya biya ninkin abin da ya saba biya ga mutanen da ba su ba da takardar shaida.

Amma duk waɗannan asarori ne na shekara guda ko biyu, waɗanda mai rai kan iya mayarwa. Na maniyyaci daban ne, kuma nan ne ya kamata mu tsaya.

A 2021 Saudiyya ta sake rufe ƙofa: mutum 60.000 kawai, duka mazauna ƙasar, duka masu rigakafi. Sai a 2022 aka karɓi baƙi, aka ƙayyade adadin a miliyon 1. Kowace ƙasa aka ba ta ƙasa da rabin kasonta: Najeriya ta samu 43.008 maimakon 95.000, Nijar ta samu 7.194. Aka kuma gindaya sharaɗin da ya fi kowane ciwo: sai wanda bai kai shekara 65 ba. Mu yi lissafi. A lokacin, ma'aikacin gomnati yana barin aiki ne da shekara 60. Ya ɗauki shekara biyu ko uku yana bin takardun fansho, yana aurar da ƴaƴa, yana ƙarasa ginin da ya fara. Yana da 63 ya kai kuɗinsa a 2020. Da aka buɗe hanya a 2022, ya cika 65, an rufe masa ita da wani makulli. A ƙasar da akasarin mutane ba su samun halin zuwa Makka sai furfura ta fito, wannan sharaɗi ya zaɓi daidai waɗanda suka fi daɗewa suna jira, ya ajiye su gefe. An cire shi a 2023, gaskiya ne. Sai dai ba duk wanda ya yi niyya a 2020 ba ne ya ga 2023, kuma cikin waɗanda suka gan ta akwai waɗanda ƙafa ba ta iya Safa da Marwa kuma.

Wanda ya rayu da lafiyarsa, sai ya iske wani sabon lissafi. Kafin annoba, kujerar Makka a Nijar ba ta kai miliyon 2 da rabi na sefa ba. A 2023 ta haye miliyon 3. A Najeriya ta tashi daga wajen naira miliyon 1 da rabi a 2019 zuwa wajen miliyon 2 da rabi a 2022. Mutane da dama sun ɗora laifin duka bisa hukumar COHO da kamfanonin jigilar alhazai. A ganina wannan hukunci ya yi gaggawa, domin galibin ƙarin daga waje ya zo. Da farashin man fetur ya faɗi warwas a 2020, Saudiyya ta ninka harajin saye da sayarwa sau uku, daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari, tun ranar 1 ga Yuli na wannan shekara. Harajin nan yana kan ɗakin kwana, da abinci, da motar da ke kai alhaji Madina. Kuɗin hidimar Mina da Arfa ma ya tashi. Da yaƙin Ukraniya ya ɓarke a Fabrairu na 2022, gangar mai ta wuce dala 100, man jirgi ya bi ta. Sannan ga maganar canji, wadda duk wanda ya ga karyewar sefa a Janairu na 1994 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kanta. Sefa tana ɗaure da yuro, riyal yana ɗaure da dalar Amurka. A 2019 dala ɗaya tana wajen sefa 585. A tsakiyar 2022 ta haura 620. Ko da Balarabe bai ƙara ko riyal ɗaya ba, alhajin Nijar ya riga ya biya ƙari.

Inda ake da abin faɗi game da gida shi ne makomar kuɗin da aka ajiye. Maniyyacin da ya bar kuɗinsa hannun kamfani shekara biyu, da aka tashi tafiya an ce ya ciko, kamar wanda ya zo jiya. Wanda ya karɓi nasa ya kai gida kuwa, kowa ya san abin da ke faruwa da kuɗi a gidan Bahaushe: rashin lafiya, suna, buhun hatsi, ɗan'uwa da ya zo da matsala, sai a wayi gari miliyon 2 sun zama labari. Ta ko'ina, maniyyaci ne kaɗai ya ɗauki nauyin jira. Tambayoyin da ya kamata yarjejeniya ta amsa tun ranar biya, ba ranar rigima ba, su ne: idan aka fasa tafiya, cikin kwana nawa za a mayar da kuɗi? Wa ke riƙe da su, a wane banki? Idan mai su ya rasu, ta yaya magada za su karɓa? Mutumin da ba zai sayar da buhun albasa goma bashi ba sai da shaidu, shi ne ke miƙa tarin shekara ashirin bisa amana da ɗan guntun rasit, don yana jin kunyar yin ciniki a kan ibada.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. Maleziya ta kafa asusun ajiyar alhazai, Tabung Haji, tun 1963: mutum na zuba kuɗinsa kaɗan-kaɗan, ana juya su ta hanyar halal, ribar tana bin farashin kujera gwargwadon hali. Ba a ce asusun bai taɓa shiga matsala ba, ya shiga. Amma kuɗin mai ajiya ba su zauna kurum tsada na cin su ba. Hukumar alhazan Najeriya ta ƙaddamar da irin wannan tsari tare da bankin Jaiz a Kano cikin watan Oktoba na 2020, wato ana tsakiyar annobar. Ƙasar da ke tura mutum dubu goma sha biyar da ɗoriya kowace shekara, kowannensu da miliyoyi a hannu, ba ta rasa abin da za ta kafa irin wannan asusu da shi ba.

Bisa ƙididdigar hukuma, waɗanda korona ta kama a Nijar ba su kai 10.000 ba, waɗanda ta kashe kuma ɗari uku ne da ƴan kai, cikinsu har da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, wanda ya rasu a watan Mayu na 2020. Idan aka gwada da Italiya ko Amurka, Allah ya kiyaye mu ƙwarai. Ranar 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta daina zama abin gaggawa ga duniya. A wannan shekara aka mayar wa Nijar kujerunta 15.891, aka cire sharaɗin shekaru, mutum sama da miliyon 1 da dubu 800 suka tsaya a Arfa. Harajin kashi 15 kuwa bai koma 5 ba, kuma wanda ya tara miliyon 2 da jika ɗari uku a 2020 sai da ya nemo kusan wani miliyon guda kafin a rubuta sunansa.