Wasannin Yara a Waƙoƙin Farisa na Tsakiyar Zamani

A wannan maƙala mun yi nazarin yadda mawaƙan Farisa na ƙarni na 11 zuwa na 13 suka adana wasannin yaransu a cikin rubutattun waƙoƙi, domin mu ga abin da masu tsara manhaja za su amfana da shi.

Wasa na farko shi ne ƙwallon dawaki, wanda Farisawa ke kira chogan. A cikin littafin Shahnama, wanda Firdausi ya kammala a shekarar 1010, an ba da labarin Sarki Ardashir da ɗansa Shafur, wanda aka raina a ɓoye. An tara yara masu kamanni ɗaya suna wasa, sai ƙwallo ta faɗa gaban sarki. Duk yaran suka ja da baya don tsoro, Shafur kaɗai ya je ya ɗauko ta, da haka uban ya gane shi. A nan, wasa ya zama ma'aunin jarunta da asali.

Na biyu shi ne hawan dokin kara. Jalaluddin Rumi (1207-1273) ya kawo a cikin Masnawi labarin wani mai hikima da ya yi shigar mahaukaci, ya hau kara yana sukuwa cikin yara don gudun a naɗa shi alƙali. Haka kuma yakan ambaci yadda yara ke ɗokin zabibi da ƙwayar jauz, yana kwatanta su da mutumin da abin duniya ya ruɗa. Shi ma Sa'adi, a littafin Bustan (1257), ya tuna yadda mahaifinsa ya saya masa zoben zinariya yana yaro, wani ya karɓe shi da ƙwayar dabino guda.

Daga waɗannan misalai mun fahimci cewa mawaƙan sun ɗauki wasa a matsayin hanyar koyar da tarbiyya, kuma ta wannan hanya ce labarin wasannin ya iso gare mu bayan ƙarnoni masu yawa.

Dokin kara sananne ne ga yaran Hausawa. Saboda haka muna ba da shawarar malamai su yi amfani da wannan kamanci a darasin adabi da al'adu, su kuma sa ɗalibai su rubuta ƙa'idojin langa da gaɗa daga bakin dattawa, tun masu sanin suna raye.