KAYAN MOTSA JIKI NA MATA: A DUBA ZARE KAFIN A DUBA LAUNI

Ciwon sukari da hawan jini sun daina zama cutar masu hali kaɗai a biranenmu. Duk macen da ta je gun lokotoro da ɗayansu, ban da takardar magani, sai ta fito da umurni guda uku: ki rage gishiri, ki rage zaƙi, ki motsa jiki. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, a shawarwarin da ta fitar cikin shekarar 2020, ta ce ya kamata baligi shi samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici kowane mako. Shi ya sa wanda ya bi ta filin wasa na Seyni Kountché a Yamai da sanyin safiya zai tarar da mata ƙungiya-ƙungiya suna zagaye, wasu da hijabi, wasu da zane bisa wando. Wasu kuma sun ɗauki yoga, wadda ta samo asali daga ƙasar Indiya, kuma tun Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni. Ita ba ta bukatar fili, tabarma guda cikin ɗaki ta isa.

To amma da yawa cikin masu farawa ba su daɗewa. Ana cewa ragwanci ne. Sau da yawa kuwa tufafi ne. Cinya ta gurje, wando shina zamewa, riga ta jiƙe ta manne ga jiki gaban jama'a, kunya ta kama mutum, gobe ba a komawa. Kuɗin da aka kashe sun tafi, sukari kuma shina nan inda aka bar shi. Saboda haka, ƴan uwa masu karatu, zancen ga ba na ado ba ne.

Wando da riga na motsa jiki, irin waɗanda ke bin jiki, ba saƙar atamfa gare su ba. Cikin ƙyallen akwai wani siririn zare mai kama da roba da ake kira elastan, wanda wani masani mai suna Joseph Shivers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka cikin 1958, aka sayar da shi da sunan Lycra. Zaren nan shina miƙewa har ninki biyar na tsawonsa, kuma ya koma yadda yake. Shi ke sa gwiwar wando ta koma daidai bayan an durƙusa, shi ke riƙe ƙugu. Ba shi da yawa cikin tufa: in kun duba ƴar takardar da ke ɗinke ciki, galibi za ku ga kashi 10 zuwa 25 cikin 100, sauran kuwa nilon ne, ko poliyesta, ko auduga. Amma ran da wanga zare ya mutu, tufar ta mutu, ko da launinta na walƙiya kamar jiya aka saye ta.

Nan ne matsalarmu take. Mafi yawan kayan da matanmu ke samu daga bosho suke fitowa, wato gwanjo, cikin dilolin da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa irin ta Lome, su ƙare a kasuwar Wadata ko Katako, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi. Ban raina bosho ba. Sau tari ƙyallensa ya fi na sabon kaya mai araha kyau nesa ba kusa ba. Sai dai wandon da wata ta sa shekara biyu a Turai, ta wanke shi cikin na'ura, ta busar da shi da zafi, ya riga ya ci rabin ransa kafin a ɗaure shi cikin dila. Idonki ba zai gaya miki ba, hannunki ne zai gaya miki. Ki kama ƙugun wandon ki ja shi sosai, ki saki. In ya koma nan take, da sauran rai. In ya koma sannu-sannu, ko kika ji ƴar ƙara kamar ana taka busasshen ganye, ko kika ga ƙananan fararen zaruruwa sun leƙo bisa ƙyallen, ki aje shi, ko kyauta ne. Wandon jika 2 da ya saki cikin wata biyu ya fi na jika 6 da ya shekara tsada.

Gwaji na biyu na haske ne. Ki sa hannunki cikin wandon ta wajen mazaunai, ki buɗe yatsu har ƙyallen ya miƙe, ki ɗaga shi wajen rana. In kina ganin fatar hannunki, to haka jama'a za su ga jikinki in kin sunkuya. Kada ki ce wannan aibin kayan talaka ne. Cikin watan Maris 2013, kamfanin Lululemon na Kanada, wanda ya yi suna da wandunan yoga masu tsadar gaske, ya janye kusan kashi 17 cikin 100 na wandunan matan da ke shagunansa, domin baƙin ƙyallen shina nuna jiki in an sunkuya. Tsada ba ta hana su jin kunya ba.

Lambar girma da ke rubuce ita ma ba abin dogaro ba ce. Abin da Faransa ke kira 38, Jamus 36 take ce mishi, Italiya 42, Ingila kuwa 10. Harafin M na kayan Sin sau da yawa bai kai M na Turai ba. Dila guda kuma duk ta haɗa su. Gara mace ta je gun tela ta auna ƙugu da mazaunai da ƙirji, ta rubuta, ta tafi kasuwa da igiyar awo cikin jaka. In ta samu inda za ta gwada, kada ta tsaya gaban madubi kawai: ta tsuguna, ta ɗaga hannuwa sama, ta sunkuya. Wandon da ƙugunsa ke da faɗi, ya hau har cibiya, shi ke zama wurinsa. Ta juya shi ciki waje ta duba tsakanin ƙafafu: in akwai ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da aka sa wurin, wandon zai jure buɗe ƙafa, in kuwa ɗinki huɗu ne suka haɗu wuri guda, nan zai fara yagewa. Ɗinkin da ya kwanta lebur ba ya cin fata, mai tudu kuwa shi ke gurje cinya.

Game da auduga, littattafan Turawa suna cewa a guje ta, domin tana shan zufa ta riƙe. Gaskiya ne, amma ba a ƙasarmu aka rubuta su ba. Cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 kuma iska a bushe take ƙamas, riga mai faɗi ta auduga in ta jiƙe sanyaya jiki take yi. Inda take cutarwa shi ne ga wando, domin jiƙaƙƙen ƙyalle tsakanin cinyoyi shi ke kawo gurzuwa. Sai kuma cikin damina da ba ta bushewa, da safiyar hunturu da take sa mutum ɗari bayan ya tsaya. Poliyesta tana bushewa da sauri, sai dai tana da nata aibi: wani bincike da aka yi a jami'ar Gand ta Beljik cikin 2014 ya nuna rigunan poliyesta sun fi na auduga wari bayan an motsa jiki, saboda wasu ƙwayoyin halitta da suka fi son zama bisanta. A ganina, wando na nilon mai elastan da doguwar riga ta auduga ko gauraye, wadda ta sauko har cinya, su suka fi dacewa da yanayinmu da kuma kunyarmu. Mai yin yoga kawai ta kula: akwai tsayuwar da kai ke yin ƙasa, riga mai faɗi sai ta zubo bisa fuska, don haka a sa ƴar shimi mai kama jiki daga ciki.

Akwai tufa guda da ba a son ambatonta cikin jarida, ga shi kuwa ta fi sauran muhimmanci. Mama ba shi da tsoka. Fata da wasu siraran jijiyoyi kaɗai ke riƙe da shi, shi ya sa gudu ke sa shi ciwo. Rigar mama ta wasanni ba ta daɗe a duniya ba: cikin 1977 ne wasu mata uku a Amurka, Lisa Lindahl da Polly Smith da Hinda Miller, suka ɗinka ta farko. Mafi yawan nauyin, ɗamarar da ke ƙarƙashin ƙirji ke ɗauke da shi, ba igiyoyin kafaɗa ba. Ta kama sosai amma yatsu biyu su iya shiga, kuma kada ta hau sama in an ɗaga hannu. Ga yoga da tafiya, mai sauƙi ta isa. Mai gudu ko tsalle, balle mai cikar ƙirji, tana bukatar wadda ke da mazauni daban ga kowane gefe. In kuɗi ba su isa a sayi komi sabo ba, to wagga ita ce za a saya sabuwa.

Lulluɓi kuwa an wuce wurin. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka yarda mata su yi wasa da kai a rufe, kuma cikin 2017 kamfanin Nike ya fitar da hijabin wasanni. Ba sai an nemi nasu ba. Abin da ake so shi ne ƙyalle marar nauyi mai miƙewa, wanda ake zurawa ba tare da allura ko fil ba, kuma gajere yadda ba zai naɗe ga hannu ba. Telanmu na unguwa zai iya, amma a tambaye shi irin kekensa. Tsohon keken ƙafa ɗinki miƙaƙƙe kaɗai yake yi, shi kuwa irin wanga ɗinki tsinkewa yake bisa ƙyalle mai roba tun ja na fari. Sai mai keken zigizag.

Sauran aikin na gida ne, kuma nan ne ake kashe kaya masu kyau. Ruwan jabel, wanda kusan babu gidan da babu shi, shina cinye elastan. Haka ruwan zafi, haka dutsen guga, balle na gawayi da mai wanki da guga ke ɗorawa bisa komi ba tambaya. Shanya bisa kwano ko bisa yashi da rana tsaka ita ma dafa zaren take yi, man shafawa da zufa da aka bari suka kwana cikin ƙyalle kuma suna raunana shi a hankali. A wanke kayan ran da aka sa su, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a juya su ciki waje, kada a murɗe su kamar zane, a matse kawai a rataya cikin inuwa. A bushewar iskarmu ba su wuce awa ɗaya ko biyu ba sun bushe. Wadda ke fita kullum ta yi ƙoƙarin samun wando biyu tana musanyawa, domin kowane shi samu yini guda ya bushe sarai kafin a sake sa shi.