Allurar da ke ceton rai tana iya tafiya da ji

A zangunanmu, idan ba a yi wa mutum allura ba sai ya ce likita bai duba shi ba. To, akwai alluran da ya kamata mu san halinsu, wato jentamaisin da danginta, irin su sitireptomaisin da kanamaisin da amikasin. Suna kashe ƙwayoyin cuta masu taurin kai, kuma tun da aka gano sitireptomaisin a Amurka a 1943 sun ceci masu tarin fuka da jarirai ba iyaka. Amma suna iya kurmantar da mutum.

Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai kamar dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, wajen 15,000, su ne ke karɓar sauti. Maganin yana kashe su idan ya shige su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa.

Allah ya yi wa wurin shinge tsakanin jini da ruwan kunne. Sai dai a 2015 Peter Steyger da abokan aikinsa a jihar Oregon ta Amurka suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa shingen nan yana sakin jiki idan cuta ta bazu. Da aka sa musu dafin ƙwayar cuta, garkuwar jikinsu ta tashi faɗa, maganin da ke shiga kunne ya ƙaru, kurumtar ta fi ta ɓerayen da ke da lafiya tsanani. Abin damuwar ke nan: wanda cuta ta shiga jininsa, shi ya fi bukatar allurar, kuma kunnensa ne ya fi zama a buɗe gare ta.

Ba cewa muke a ƙi magani ba, jaririn da cuta ta shiga jininsa ba ya jiran gobe. Abin da muke ƙi shi ne allurar shagon kemis, ba awo, ba duba ƙoda, alhali ƙoda ce ke fitar da maganin daga jiki.

Siririn sauti ke fara ɓacewa, shi ya sa mutum ba ya farga da wuri. Ƙara a kunne ko jiri lokacin shan allurar, a gaya wa likita a ranar. Jariri kuwa, a nemi a gwada jinsa bayan sallama. Masu tarin fuka mai bijire wa magani su sani, tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamaisin daga magungunan da take ba da shawarar a ba su.