Dutsen Nganha: Gadon Mbum Da Matafiya Ke Wucewa Ba Su Sani Ba

Duk ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Gaundare zuwa Tuboro, ko ya zarce kasuwar Mbaibum da Mundu ta ƙasar Cadi, yana ratsa ƙasar Mbum ne. Amma ƙalilan ne daga cikinmu suka san labarin Dutsen Nganha da ke gabas da Gaundare.

Wannan dutse tsayinsa ya haura mita 1,900, kuma masana sun ce tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. Fulani na kiran sa Cabbal Nganha, domin a Fillanci cabbal na nufin tudu mai faɗi, mai ciyawa da sanyi, irin wanda makiyaya ke so. A gindinsa garin Nganha yake, mazaunin Belaka, wato sarkin gargajiyar Mbum.

Sunayen wuraren nan kansu tarihi ne. A harshen Mbum, ngau shi ne dutse, shi ya sa Gaundare ke nufin dutsen cibiya. Mbum suka raɗa sunan tun kafin Arɗo Njobdi ya kafa mulkin Fulani a can wajen shekarun 1830. Daga baya Fillanci ya kawo hosere da mayo, wato dutse da kogi, kamar a Mayo-Rey, yankin da Tuboro take ciki. Marigayi Eldridge Mohammadou, wanda ya rasu a 2004, ya tattara tarihin waɗannan al'ummomi daga bakin dattawansu.

Abin damuwa shi ne, Fillanci da Faransanci sun mamaye kasuwa da makaranta, har yaran Mbum da yawa a birane ba sa iya fassara sunan dutsen kakanninsu. In dattawan suka ƙare, suna zai saura, ma'ana ta tafi.

Mai niyyar hawa ya bari sai damina ta wuce, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ya fara kai gaisuwa fadar Belaka, ya nemi ɗan jagora ɗan gari, domin akwai wuraren da al'ada ta keɓe. Ya kuma binciki lafiyar hanya, saboda masu garkuwa da mutane sun sha addabar wannan shiyya.

Mu da muke cin abinci a ƙasar nan, ya kamata mu san masu ita. In Allah Ya haɗa ka da dattijon Mbum a rumfarka, tambaye shi sunan dutsen garinsu da ma'anarsa.