Kayan Tausar Kai da Tsamin Ƙafa a Wurin Masu Gudun Dogon Zango

Bahaushe yakan ce jikinsa ya yi tsami in ya kwana bayan aikin wahala ya tashi gaɓoɓinsa suna ciwo. Masu gudun famfalaki, wanda tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, sun san wannan tsami sarai, musamman a cinya da sha-raɓa. Ba ya zuwa nan take. Yakan tsananta ne tsakanin sa'a 24 da sa'a 72 bayan gudu, sa'an nan ya lafa da kansa.

An daɗe ana ɗora laifinsa a kan sinadarin laktik, watau irin tsamin da ke cikin kindirmo, wanda Scheele na ƙasar Suwidin ya fara fitarwa daga nono mai tsami a 1780. Gaskiya ne yana taruwa sa'ad da tsoka ke aiki da ƙarfi, amma jini yakan kwashe shi cikin kamar sa'a guda. Tun 1902 Theodore Hough na Amurka ya danganta ciwon da 'yan ƙananan yagewa cikin zaren tsoka, bincike na baya kuwa ya ƙarfafa wannan magana. Yagewar ta fi yawa inda tsoka ke miƙewa alhali tana ɗauke da nauyi, shi ya sa gangara ta fi hawa barin tsami. Ashe ke nan babu wani tsami kwance a ƙafa da za a matse.

Kayan da mai gudu ke yi wa kansa tausa da su iri huɗu ne. Na farko gungumen soso mai tauri, wanda mutum ke ɗora ƙafa a kai ya yi ta mirginawa, nauyin jikinsa na danna tsokar. Ya fara shiga hannun masu gashin ƙashi da 'yan wasa a Amurka wajen shekarun 1980. Na biyu sandar murza, mai kama da muciya, wadda ake riƙewa da hannu biyu. Na uku ƙwallo mai tauri, domin tafin ƙafa da ɗuwawu. Na huɗu na'ura mai batir da ke bubbuga tsoka da sauri, irin su Theragun.

A 2019 Wiewelhove da abokan aikinsa a Jamus suka tattara gwaje-gwaje 21 a kan gungumen da sandar. Suka tarar murza bayan wasa tana rage jin ciwo da misalin kashi 6 cikin 100, murza kafin wasa kuwa tana ƙara miƙewar gaɓa da kashi 4. Amfanin yana nan, amma ƙanƙane ne. Masana da yawa suna ganin dannawar tana aiki ne a kan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ga ƙwaƙwalwa, domin an ga wanda aka murza masa ƙafa ɗaya ya sami sauƙi har a ɗayar.

Abin lura ga malaman da ke horar da yara shi ne, raguwar ciwo ba ita ce warkewar tsoka ba. Yaron da ya ji sauƙi ya koma gudu mai tsanani washegari yana iya ƙara wa kansa rauni. Minti ɗaya ko biyu a kowace tsoka ya isa, a hankali, ba tare da an bi kan ƙashin ƙwauri ko bayan gwiwa ba. In sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada a taɓa ta, a kai shi ga likita, gama jini na iya daskarewa cikin jijiya, tausa kuwa ta ɓamɓaro gudan ya tafi huhu. Gyaran tsoka kansa barci da abinci da hutu ke yin sa.