Sabar Al'umma da Makomar Aika Saƙonni a Tarauni

A Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni da ke Kano, tun daga kasuwar waya ta Farm Centre har zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akasarin sanarwar ciniki da ta ɗaurin aure da ta jana'iza ta WhatsApp suke bi, manhajar da take mallakin kamfanin Meta na Amurka. Ko da tsakanin shaguna biyu masu maƙwabtaka ne, saƙo sai ya ratsa ta sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da take karɓar saƙonni tana rarraba su. Kishiyar wannan tsari ita ce tarayyar sabobi, inda ƙungiya ko makaranta take kafa tata sabar, sabobin kuma su riƙa musayar saƙo bisa ƙa'ida guda, kamar yadda mai adireshin Gmail yake aika wa mai Yahoo imel ba tare da shamaki ba. Fitattun ƙa'idojin su ne XMPP, wadda ta samo asali daga Jabber a 1999, da Matrix, wadda aka ƙaddamar a 2014.

Shekarar 2021 ta nuna illar jingina da kamfani guda. A watan Janairu WhatsApp ta sanar da sababbin sharuɗɗan da suka tayar da hankalin masu amfani da ita, a watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022, sannan ranar 4 ga Oktoba Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida a duk duniya. A 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Irin wannan fargaba ce ta sa gwamnatin Faransa ta gina wa ma'aikatanta manhajar Tchap a kan Matrix, rundunar sojan Jamus ma ta bi sahu.

Sai dai abin da ya yi wa gwamnatin Faransa sauƙi yana da nauyi ga ƙungiyar unguwa. Saba ba ta barci, alhali wutar lantarki a Kano ba ta da tabbas, don haka dole a tanadi sola da batura, ko kuma a yi hayar saba a waje a riƙa biya da dala, wanda hakan ya rage armashin 'yancin da ake nema. Kuɗin data ma ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Haka kuma tarayyar ba ta maganin katse layi, domin lokacin da aka rufe sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021, hanyar ce aka datse baki ɗaya.

Babbar matsalar kuwa ta amana ce. Ko da an kulle saƙo ta yadda mai aikawa da mai karɓa ne kaɗai za su iya karantawa, mai kula da saba yana iya ganin wane ne ya yi magana da wane, da ƙarfe nawa, kuma sau nawa. Ma'aikacin Meta da ke Kalifoniya bai san kowa a Gyaɗi-Gyaɗi ba, amma matashin da ke riƙe da sabar unguwa ya san matar wane, ya san wanda ake bi bashi, ya san ɗan kasuwar da ke zawarcin kwastoman maƙwabcinsa. A al'ummar da rufin asiri yake da daraja, mutane da yawa za su gwammace baƙon da ke nesa. Ga kuma nauyin sa ido kan 'yan damfara da masu yaɗa jita-jita, da bin dokar kare bayanai ta 2023, waɗanda duk za su dawo wuyan masu aikin sa kai.

Masu gyaran waya na Farm Centre ba za su rasa basirar kafa saba ba, amma ɗan kasuwa yana zama ne inda kwastomansa suke. Saboda haka tsarin ya fi dacewa da cibiyoyi masu mambobi sanannu da kasafin kuɗi da dokar aiki a rubuce, irin su asibiti da makaranta da ƙungiyar 'yan kasuwa, ba da ɗaukacin jama'ar unguwa ba.