Hasken taurari: tsohon labari ne ke isowa kowane dare

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa hangen mace tana daka daga nesa ya san inda maganar ta samo tushe: taɓarya takan faɗa turmi, sai daga baya ƙararta ta iso kunne. Haka nan da damina, walƙiya kan riga tsawa isowa, domin sauti mita 340 kaɗai yake ci cikin daƙiƙa guda, wato kashi ɗaya cikin 60 na minti. To amma abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, shi kansa hasken matafiyi ne, yakan ɗauki lokaci bisa hanya. A kan wannan magana guda aka gina mafi yawan abin da masana suka sani game da sararin samaniya.

Manzo mai makara

Wanda ya fara kawo hujja a kan haka shi ne Ole Romer, wani masanin taurari ɗan ƙasar Danmak da ke aiki a birnin Paris. Ya daɗe yana lura da wani ƙaramin wata da ke kewaya duniyar Mushtari, wanda kan shige inuwarta ya ɓace bayan kowace awa 42 da rabi. Sai ya ga in duniyar nan tana nisantar Mushtari ɓacewar takan makara, in kuwa tana kusantarta takan zo da wuri. A shekarar 1676 ya faɗa tun kafin lokaci cewa ɓacewar watan Nuwamba za ta makara da minti 10, haka kuwa aka yi. Watan bai sake tafiyarsa ba, hanya ce ta ƙara wa haske tsawo.

A yau an san haske na cin kusan kilomita dubu 300 cikin daƙiƙa guda. Tsakanin Yamai da Damagaram, inda mota kan yini tana gudu, zai yi sawu fiye da 300 cikin wannan ɗan lokaci. Duk da haka, daga wata zuwa ƙasa sai ya yi daƙiƙa guda da ɗoriya, daga rana kuwa, wadda ke da nisan kilomita miliyan 150, sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20. Ke nan ranar da ido ke gani, ranar minti takwas da suka wuce ce.

Ƴan kasuwa ba za su sha wuyar gane wannan ba. A zamanin da ayari ke tasowa daga Bilma, farashin gishirin da madugu ya faɗa a Agadas ba na ranar isowarsa ba ne, na ranar tasowarsa ne. Haske ma haka yake: manzo ne mai gaskiya, amma labarinsa na ranar da ya baro gida ne. Lissafin makararsa kuwa har cikin aljihu ya shigo, domin na'urar GPS da ke nuna wa direba inda yake a tsakiyar Tenere, lokacin da saƙon taurarin ɗan adam ya ɗauka kafin ya iso take aunawa. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kan kauce da mutum mita 300.

Kallon sama, kallon baya

Saboda nisan taurari ya fi ƙarfin kilomita, masana kan auna shi da tafiyar da haske ke yi cikin shekara. Tauraron da ya fi kusa, in an ɗebe rana, haskensa shekara 4 da ƴan watanni yake yi bisa hanya. Kaza da ƴaƴanta kuwa, waɗanda kowane ɗan ƙauye ya sani, hasken da ake gani nasu a daren yau ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce, wato wajen zamanin da rundunar Maroko ta ci daular Songhai a Tondibi, a 1591.

Rana da dukkan taurarin da ido ke rarrabewa gungu guda ne, mai taurari fiye da miliyar 100. A shekarun 1920 Ba'amurke Edwin Hubble ya tabbatar da cewa akwai waɗansu gungaye can wajensa. Guda daga cikinsu, Andromeda, ana iya hangensa da ido a dare mai duhu kamar ɗan hazo, alhali haskensa ya yi shekara miliyan 2 da rabi yana tafiya.

A 1927 Georges Lemaître, masani ɗan ƙasar Beljik, ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, a 1929 kuma awon Hubble ya ƙarfafa maganar: gwargwadon nisan gungu, gwargwadon saurin nisantarsa. Misalinsa kamar ƙullun burodi ne da aka barbaɗa wa riɗi. In ƙullun na kumbura, kowace ƙwaya na nisantar ƴan'uwanta, ba don tana tafiya ba, sai don abin da ke tsakaninsu na ƙaruwa. Wanda ya bi lissafin da baya zai tarar da lokacin da kome yake cunkushe, cikin zafi marar misali. Shi ake kira babbar fashewa, ko da yake sunan na ruɗarwa, tun da ba a wani wuri guda abin ya faru ba, ko'ina ne ya shiga buɗewa tare. Awon da tauraron ɗan adam na Turai mai suna Planck ya bayar a 2013 ya sa shekarun a kan miliyar 13 da miliyan 800.

Shaidar da ta zo da kanta

Mai karatu na da damar tambaya: wa ya ga wannan? Amsa ita ce an sami hasken wancan zamani. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna gwada wata babbar eriya a Amurka, sai suka riƙa samun wani shuu da ya ƙi ɓacewa, dare da rana, ko ina suka juya ta. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka share, shuu bai daina ba. Ashe hasken da ya kuɓuta ne kimanin shekara dubu 380 bayan farawa, wanda buɗewar sarari ta miƙe shi har ido ba ya ganinsa. Masana lissafi sun riga sun ce za a same shi tun 1948. An ba mutanen biyu kyautar Nobel a 1978.

Madubin hangen nesa na James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kuru, a Giyana ta Faransa, ya hango gungaye kamar yadda suke ƙasa da shekara miliyan 300 bayan farawa. Sai dai masanan da kansu na cewa abin da aka yi taurari, duwatsu da jikin ɗan adam da shi, kashi 5 cikin 100 ne kawai na abin da ke akwai. Sauran, ta tasirinsa kaɗai aka san da shi, kamar yadda motsin reshe ke nuna iska.

Saboda haka, in yaro ya dawo daga lakkol da irin wannan labari, bai kamata a ɗauke shi tatsuniyar Nasara ba. Awo ne aka yi, aka maimaita, kuma duk mai kayan aiki na iya sakewa. A fita da shi tsakar gida cikin daren hunturu, a nuna masa Kaza da ƴaƴanta, a bar shi ya lissafa shekarar da hasken ya taso.